Godiyar da Na Kai Ofis

Shagon da ke jikin zaurena har yau ɗakin Likita ake kiransa, ko da yake garma da buhunan taki ne a ciki yanzu. Jikokina ba su taɓa ganin mutumin ba, amma idan aka aike su ɗauko igiya sai su tambaya, "A ɗakin Likita?" Ban taɓa gyara musu ba. Ina son jin ana faɗa.

Ƙauyenmu yana tsakanin Makoda da Kunci, inda gona take manne da gona. Da damina dabba ba ta da wurin miƙe ƙafa sai a turke. Mata suna da awakinsu, maza suna da tumaki, mai ɗan hali kuma yana da shanun huɗa biyu. Ni ma a lokacin ina da nawa, Fari da Ja. Da su nake huɗar gonata, in na gama in shiga ta maƙwabta, da rani kuma takinsu ya koma gona. In ɗaya ya faɗi, ɗayan ba shi da amfani, domin sa guda ba ya jan garma.

A wata shekara ciwon huhu ya biyo garkunan da ke saukowa daga arewa. Aka shirya allurar rigakafi a wannan gefen iyaka da wancan, likitocin dabbobi kuma ba su isa ba, sai aka aro wasu daga Nijar. Wanda aka turo yankinmu mutumin Damagaram ne, dogo, siriri, mai tafiya kamar ba ya son taka ƙasa da ƙarfi. Dagaci ya ce a nema masa masauki a bakin hanya saboda babur ɗinsa da akwatin sanyin da yake ajiye magani. Gidana ne a bakin hanya.

Tsakanin Kanawa da Damagarawa akwai wasa tun kakanni, shi ya sa ko ruwa bai gama sha ba ya dubi shagon, ya dube ni, ya ce, "Baba, ashe gidan Bakano aka kawo ni. Bari in ƙirga kayana tun yanzu."

Na ce, "Kai da ka fito daga inda babu inuwa, ka sami darbejiya a ƙofar ɗaki, har kana da bakin magana?"

Daga nan muka saba. Yakan fita da sassafe ya bi rugage da ƙauyuka, ya dawo bayan la'asar jikinsa duk warin shanu. Sai ya wanke hannu, ya hura gawayi a ƙofar shago, ya ɗora 'yar butar shayi shuɗiya. Shayinsu ba irin namu ba ne. Ɗaci gare shi, a ɗan ƙaramin kofin gilashi, kuma sai an yi ta juya shi daga sama har ya yi kumfa. Da farko na sha don kunya. Daga baya, in la'asar ta yi ban ji ƙamshin gawayin nan ba, sai in rasa inda zan sa kaina. Babur a bakinsa moto ne, ofis kuma biro. Ina yi masa dariya, shi ma yana yi mini.

Akwai wata takarda da ba ta rabuwa da aljihun ƙirjinsa, a cikin leda. Wata rana na tambaye shi ko laya ce. Ya ciro ta ya miƙa mini. Karatuna na boko bai wuce firamare ba, amma na ga hotonsa da hatimi.

Ya ce, "Izinin aiki ne na wucin gadi. Karatun da na yi, a can yake da ƙarfi. Da na tsallako iyaka sai ya zama sai hukumar likitocin dabbobi ta nan ta yarda kafin in taɓa ko akuya. Sun ba ni 'yan watanni, a ƙarƙashin babban likitan yankinku. In wa'adin ya cika a sabunta. In aka ga aikina babu tabo, sai in nemi rajista ta dindindin."

Na ce, "Saniya tana tambayar takarda ne kafin a yi mata allura?"

"Saniya ba ta tambaya, Baba. Amma in na kashe maka ita na hau moto na tsallaka, wa za ka kama? Dole a san wanda ya tsaya mini."

Na ga gaskiyarsa.

Rajistar nan ta dindindin ita ce abin da yake so a duniya. Yana da mata da 'ya mace a can, kuma yana so ya dawo da su nan. Ya ce bai taɓa zama inda rijiya take kusa haka ba, inda mutum zai tsaya a gonarsa ya yi wa maƙwabcinsa sannu ba tare da ɗaga murya ba. Har ya nuna mini filin da ke bayan gidana, ya ce in Allah ya yarda nan zai nema ya yi ɗaki biyu. Uwargidana kuwa tuni ta fara lissafin wadda za ta riƙa tafiya da ita biki. Da ruwan farko ya sauka na yankar masa gefen gonata aro. Ya shuka wani wake da mahaifiyarsa ta ƙulla masa a tsumma, ƙanana, masu jan ido, waɗanda ya ce suna nuna kafin yunwar damina ta yi tsanani.

A daidai lokacin wa'adin takardarsa ya cika. Ya riga ya kai buƙatar sabuntawa, amma amsa ba ta dawo ba. Ranar da ta ƙare ya rufe akwatin kayan aikinsa, ya tura shi ƙarƙashin gado.

Ya ce, "Har ta dawo, ni baƙonka ne kawai, Baba. Mai shan shayi da noman wake."

Mutane ba su gane ba. Mace za ta jawo akuya tana zawo, ya duba da ido, ya ce ta kai ofis. Ofis kuwa tafiya ce mai nisa ga mai jan akuya. Aka fara cewa Badamagaren nan ya ƙoshi, ya fara girman kai. Ni nake tare masa a masallaci da wurin zaman makoki.

Ruwa ya ɗauke na ɗan lokaci, dawa ta tsaya tana yaushi, sannan aka sake samun yayyafi. Duk manomi ya san dawa ƙarama a irin wannan hali guba ce ga saniya. Da safe muna gona, Ja ya tsinke igiya ya faɗa cikin dawar maƙwabcina. Kafin a gan shi ya ci abin da ya ci. Da hantsi cikinsa ya kumbura ta kwiɓin hagu, in ka buga sai ka ji kamar ganga. Muka ɗura masa man gyaɗa, muka zagaya da shi, bai yi ba. Ya durƙusa, ya miƙe wuya, yana numfashi da baki.

A wurinmu in dabba ta kai haka ba a jira. Ana sa mata wuƙa kafin rai ya fita, don kada ta zama mushe, sai maƙwabta su raba naman a rage wa mai ita asara. Ban aika a kira Sarkin Fawa ba, amma sai ga shi, wuƙa a naɗe cikin tsumma. Ya tsuguna a gefe yana gwada kaifinta a farce.

Ya ce, "Malam, ka yi magana. In ya wuce, ko kare sai ya yi tunani."

Likita yana tsaye a bakin turke, wayarsa a kunne. Babban likita yake nema, wayar ba ta shiga. Ya sake, ba ta shiga. Na dubi Fari yana tsaye shi kaɗai, na tuna rabin gonata ba a huɗe ba. Na matsa kusa da shi. Ban umarce shi ba, ban kuma yi masa kuka ba. Abin da na faɗa ya fi waɗannan nauyi, kuma na san haka lokacin da nake faɗa.

Na ce, "Likita, tun da ka sauka gidan nan ban taɓa roƙonka komai ba."

Baƙo ba ya iya ƙin mai masaukinsa a gaban mutane. Ya dube ni, ya dubi san, ya sa wayar a aljihu ya nufi shago. Ya dawo da wani ƙarfe mai tsini a cikin bututu, da kwalabe da sirinji. Ya auna kwiɓin da tafin hannu, ya soka da ƙarfi sau ɗaya, ya zare tsinin ya bar bututun. Iska ta fito da ƙara, da wani wari da ya kori mutane baya. Cikin ya fara saɓewa a kan idonmu. Ya yi masa allura a jijiyar wuya, ya zauna a ƙasa kusa da shi, hannunsa a kan bututun. Kafin azahar Ja ya ɗaga kai. Kafin la'asar ya miƙe.

Sarkin Fawa ya naɗe wuƙarsa ya ce, "Likita, ka cire mini nama daga baki. Allah ya isa tsakanina da Damagaram."

"Ka yi haƙuri, Sarki. In Baba ya kumbura, shi zan bar maka."

Aka yi dariya aka watse. Da muka rage mu biyu yana wanke hannu, ya ce, "Baba, abin nan ya tsaya a nan. Ba ni na yi ba."

Na ce, "Haka ne, Allah ne ya yi."

"Ina nufin kada a kai maganar ko'ina."

Na ce to. A raina kuwa na ce, ka ji mutumin kirki. Duk mai kunya haka yake cewa in ya yi maka alheri: kada ka gode, kada ka faɗa, ba komai. Ba a ɗaukar wannan a matsayin umarni. Mahaifina ya koya mini cewa in ɗan mutum ya taimake ka, ubansa ake yi wa godiya. In yaron wani ne, sai ka sa riga ka je wurin maigidansa ka ce a taya ka godiya, don alherin ya sauka inda zai amfane shi. Godiyar da ta tsaya tsakanin mutum biyu, a wurinmu, rabin godiya ce. Na kuma yi wani tunani da na ɗauka dabara ce. Na ce in babban likita ya ji irin hannun da Allah ya ba mutumin nan, ai da kansa zai bi takardar a sa mata hannu da wuri.

Uwargida ta gan ni ina jera ƙwan zabi a ƙwarya da ƙaiƙayi, ga zabi biyu a ɗaure.

Ta ce, "Malam, ina zuwa da babbar riga ba Juma'a ba?"

Na gaya mata.

"Mutumin nan fa ya ce ka bari."

"Me kike so ya ce? Ya ce je ka yabe ni?"

Ta ci gaba da tankaɗe. Har na kai zaure ta ce, "Da ka tambaye shi tukuna." Na ji, ban juya ba. Likita yana cikin wakensa yana cire ciyawa, na wuce ta bayan gida don kada ya hana ni saboda kunya.

Na sami ofishin da baƙi. Babban likita yana zaune, mutum mai furfura da fara'a, wanda ya san ni a matsayin mai masaukin baƙonsu. Gefensa akwai wata Hajiya da tabarau da wani mutum riƙe da fayil, waɗanda daga baya na ji daga hedikwata suka zo duba aikin likitocin aro. Ni kuwa da na ga manya sai na ji daɗi. Na ce godiyata ta sami kunnuwa.

Na cire takalmi, na ajiye ƙwarya, na ce, "Ranka ya daɗe, na zo ne a taya ni godiya. Yaronka ya fitar da ni kunya."

Na fara ba da labari. Da na kai wurin ƙarfen, babban likita ya yi gyaran murya.

Ya ce, "Madalla, Baba. Wannan ai tun kafin ruwa ya sauka ne, ko? Farkon rigakafi."

Mutumin nan ƙofa ya buɗe mini, ban gan ta ba. Na ce, "A'a, ranka ya daɗe, makon nan da muke ciki. Ramin ma bai warke ba."

"To, mun gode, Baba. Ka gaida gida."

Hajiyar ta ɗaga hannu. Cikin ladabi ta ce, "Baba, da hannunsa ya huda? Har da allura?"

Na tashi tsaye na nuna mata yadda ya auna, yadda ya soka, da inda ya yi allurar. Na ƙara da cewa wayar babban likita ce ba ta shiga ba, don kada a ce ya raina na gaba. Mai fayil yana rubutu. Na ɗauka yabon yake rubutawa.

Babban likita ya rako ni har waje, abin da bai taɓa yi ba. Ya karɓi zabin don kada ya kunyata ni. Ya tsaya yana kallon ƙasa, ya ce, "Baba, da ni kaɗai ka samu." Bai ƙarasa ba. Ya sa hannu a kafaɗata ya koma ciki. A kan hanya maganar ta riƙa dawo mini, amma na kore ta.

Na iso gida Likita ya hura gawayi. Na zauna na ba shi labari, ina jiran ya rufe fuska don kunya. Yana juya shayi daga sama. Hannun ya tsaya.

"Wa da wa ke wurin?"

Na gaya masa.

Ya ajiye butar a hankali. Sai ya yi 'yar dariya ya ce, "Bakano. Ko alheri zai yi maka sai ya kai shi kasuwa." Ya cika kofi ya miƙo mini. "Sha, Baba, kada ya huce. Ni na ɗauko ƙarfen, ba kai ba."

A nan ne na gane. Shayin nan na shanye shi, amma ban san ta inda ya bi ba.

Aka kira shi birni ya yi bayani. Ni da dagaci muka koma ofis roƙo, na ce a ɗora laifin a kaina, ni na tilasta shi. Babban likita ya ce ya rubuta duk abin da zai iya rubutawa na alheri a kansa, amma magana ta riga ta shiga fayil a gaban shaidu, kuma doka ba ta bambanta san da ya warke da wanda ya mutu. Ba a ci shi tara ba, ba a ci mutuncinsa ba. An dai ce ba za a sabunta ba, kuma maganar rajista a bar ta sai wani lokaci mai nisa. Aikin rigakafin ma yana gab da ƙarewa, babu wanda zai sake aro shi.

Ya tafi wake yana fure. Da safe ya ɗaure jakarsa, ya shiga cikin gida ya durƙusa ya yi wa uwargida sallama. Ta ba shi daddawa da kuka ya kai wa matar da ba ta taɓa gani ba, ta juya ta shige ɗaki. Ya je turke ya shafa kwiɓin Ja inda tabon yake. Butar shayin ya bar ta a ƙofar shago.

Na ce, "Ka manta butarka."

"Ban manta ba. Ka koya, in na dawo in ga ko Bakano zai iya kumfa." Ya nuna gonar da haɓa. "Ku ci waken, amma ka ajiye iri."

Na raka shi bakin titi. Ina da magana a bakina tun daga gida, har mota ta tsaya ban same ta ba. Shi ne ya ce, "Mu yafi juna, Baba." Na ce, "Mu yafi juna."

Shekarun farko muna waya, da salla da kuma farkon damina. Yakan tambayi Ja kafin ya tambaye ni. Ya ce an mai da shi can arewa, wurin masu raƙuma, inda sai an hau tudu ake samun layi. Daga baya lambar ta daina shiga. Na ba wa masu gyaran waya su duba, suka ce ba daga tawa ba ne.

Ja ya yi mini huɗa har ya wuce shekarun da ake sayar da sa. Mutane suna cewa in turke shi in sayar tun yana da nama, ina cewa baɗi. Sai da haƙoransa suka ƙare na kira Sarkin Fawa, shi ma ya tsufa, ɗansa ne ya riƙe wuƙar. Filin bayan gida wani ya gina. In na ji muryar mace tana kiran 'yarta daga can, wani lokaci sai in tsaya da abin da nake yi.

Waken kuwa ya bazu. Na ba maƙwabta iri, su ma suka ba wasu, har ƙauyukan gefen Kunci. Waken Likita ake ce masa, kuma yawancin masu shuka shi sun ɗauka wani ofis ne ya raba. Shayi na koya. Kumfar ba ta zama kamar tasa, tana kwantawa kafin in kai baki.

Duk ranar kasuwa nakan zagaya kara, wurin masu shanu, ko ba ni da abin saye. In na ji mai magana irin ta mutanen arewa sai in matsa in yi tambaya. Bara na sami wani dillali da ya ce ya san wani dogon likitan dabbobi can gaba da Damagaram, mai furfura a gemu, wanda abokan aikinsa ke tsokana saboda yana ce wa moto babur. Ban san ko shi ne ba. Dogayen likitoci suna da yawa. Amma na dawo gida na auna waken shekarar, na ƙulla a tsumma, na kai wa dillalin a kasuwa ta gaba.

Ya ce, "In ce masa daga wa, Baba? Wane saƙo?"

Na ce, "Ka dai ba shi. In shi ne, zai gane."

Da na dawo uwargida ta tambaye ni abin da na ce a faɗa masa. Na ce ban aika da magana ba. Ta dube ni, ta tura mini gawayi da ƙafa, ta ce la'asar ta yi.